Kafin a yi wa wayarka filashin, tsaya ka karanta

Jama'a, akwai wata shawara da ke yawo a bidiyoyin koyarwa: wai in waya ta yi nauyi ko WhatsApp ya fara maƙalewa, kawai ka goge komai ka sake sawa, ai duk kayanka suna Google. Wannan shawarar ɓarna take yi. Kuma har cikinmu masu gyara a nan Kongo akwai masu yi wa kwastoma haka, don a sallame shi da wuri a karɓi na gaba.

Malam, hirarka ba a wurin kamfanin WhatsApp take ba. Da zarar saƙo ya iso gare ka, kamfanin ba ya riƙe shi. Yana cikin wani rumbun bayanai a wayarka mai suna msgstore. In aka goge wayar kafin kwafin rumbun ya hau Google Drive, shi ke nan. Ɗalibin lauya ya rasa nos ɗin da aka turo a gurup tun farkon zango, mai shago ya rasa lissafin masu bashi, wani kuma muryar mahaifiyarsa da ta rasu. Babu kwamfutar da za ta dawo da su, duk wanda ya ce maka zai iya, kuɗinka yake so.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da sanin wannan matsalar. In ka tura wa rumbun bayanai aiki, ba nan take yake gamawa ba. Shi ya sa a yaren JavaScript, tun 2015, akwai abin da suke kira alƙawari: rumbun ya ce zan ba ka amsa, sai ka ɗaure aiki na biyu a jikin wannan alƙawarin, na uku a jikin na biyu, kamar sarƙa. Na biyu ba ya tashi sai na farko ya cika. In ɗaya ya faɗi, sauran ba sa gudana, sai a tafi wajen duba kuskure. Mai POS ma haka yake, ba ya ƙirga maka kuɗi sai ya ga alat. To don me kai za ka goge waya alhali ba ka ga bakof ya gama ba?

Na san abin da za ka ce: ai yana yin bakof da kansa ƙarfe 2 na dare. Eh, amma wannan a cikin wayar yake ajiyewa, filashin kuma tare da shi yake tafiya. Hawa Drive aiki ne daban. A wayoyi da yawa an bar shi a kan sai da wayifai, kai kuma data kake amfani da ita, wata shida bai hau ba. Ga shi tun 2024 bakof ɗin WhatsApp yana cin cikin 15GB da Google ke bayarwa kyauta. In hotuna sun cika wurin, ba zai hau ba.

Don haka bi layi. Fara da tabbatar da ka san Gmail ɗinka da lambar sirrinsa, domin in aka goge waya ta ƙarfi sai ta nemi asusun da ke kanta a da, ka manta kuma ta kulle. Sannan shiga setin na WhatsApp, wajen hira, wajen bakof, ka kunna amfani da data, ka danna. Jira. Sandar ta cika ba ta isa hujja ba, duba ka ga ranar yau da girman fayil a rubuce. Ba ka gani ba, kar wayar ta bar hannunka, ko da mai gyara ya ɓata rai.

Bayan an gama, saka Gmail ɗin nan dai tukuna, sannan WhatsApp da lambar nan dai. Zai nuna ya ga bakof, danna "Restore". Kar ka kuskura ka danna "Skip" wai sai ka samu data. Drive kwafi ɗaya yake riƙewa, kuma in sabon WhatsApp ɗin da babu komai ya yi nasa bakof, a kan tsohon zai hau.