Makero Mai Naci: Kada a Ɗaure wa Garkuwar Jiki Hannu

Sanin kowa ne cewa duk malamin da ya taɓa koyarwa a Jega ko Maiyama ko Jiga Makera ta ƙaramar hukumar Aliero, ya sha ganin yaro da farin tabo mai ɓarɓashi a kai, gashin wurin ya karairaye. Wannan shi ne makero. Akasarin iyaye suna ɗaukarsa ƙazantar ƙuruciya, sai su sayo man shafawa a kemis. Ƙaiƙayi ya lafa, bayan wata guda kuma ciwon ya dawo ya fi da faɗi. A nan ne gizo ke saƙa, domin wasu daga cikin waɗannan mayukan garkuwar jiki suke kashe wa kaifi.

Makero ba tsutsa ke kawo shi ba. Wasu halittu ne dangin funfuna, irin su Trichophyton soudanense da Microsporum audouinii, waɗanda suka yawaita a kawunan yaran Afirka ta Yamma. Abincinsu shi ne keratin, sinadarin da ke cikin gashi da farce da matacciyar fatar sama. Suna yaɗuwa ta askar aski da mataji da hula da tabarmar kwana, kuma zafi da gumi suna ƙara musu ƙarfi.

Idan suka sauka, ƙwayoyin fata sukan gane su, su aika da saƙo ga fararen ƙwayoyin jini. Wani rukuni da ake kira ƙwayoyin T sai ya fitar da sinadarai, daga ciki har da IL-17, waɗanda ke tara mayaƙa a wurin. Fatar ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ta kuma hanzarta saɓa, ta zubar da funfunar tare da ɓawonta. Shi ya sa makeron jiki yake yin zobe: tsakiyar ta lafa, funfunar kuwa tana ci gaba ta gefe. Ashe jan da ƙaiƙayin alama ce ta cewa jiki yana yaƙi.

Me ya sa wani ya warke, wani kuwa ya shekara da ciwon? Funfunar da ake ɗauka daga shanu takan tayar da kumburi mai tsanani, jiki ya kore ta, ko da yake takan bar tabo. Wadda ta saba da ɗan Adam kuwa lallaɓawa take yi, ba ta tayar da hankalin garkuwa sosai, sai ta zauna. Ciwon suga da cutar ƙanjamau da rashin abinci mai gina jiki suna ƙara mata zama. A shekarar 2013 masu bincike suka gano cewa wasu mutane a Aljeriya da Tunisiya da Maroko, waɗanda makero ya nutsa musu cikin jiki, sun gaji naƙasu a ƙwayar gado mai suna CARD9. Wannan ya nuna ƙarara cewa garkuwa ce ke tsare ciwon a saman fata.

To, mayukan da ke ɗauke da sitiroyid, kamar betamethasone da clobetasol, aikinsu shi ne danne kumburi. Suna da amfani a wasu cututtuka idan likita ya rubuta. A kan makero kuwa, sai su kwantar da mayaƙan jiki, funfunar ta sake, zoben ya ɓace har ma'aikacin lafiya ya kasa gane shi. Likitocin Ingila sun bayyana wannan tun 1968. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da irin wannan sinadari. A Indiya an danganta yawan shafa mayukan da aka cakuɗa da sitiroyid da bazuwar makero mai naci, kuma a 2020 aka raɗa wa funfunar suna Trichophyton indotineae. Sau da yawa ba ta jin maganin terbinafine. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mai yiwuwa wani ya ce asibiti da nisa, kuɗi kuma babu, man kemis shi ne a kusa. Gaskiya ne. Amma arahar da za a maimaita saye sau biyar ba araha ba ce. Bugu da ƙari, makeron kai ba ya jin shafe-shafe kaɗai, domin funfunar tana shiga har tushen gashi. Sai an sha magani, kamar griseofulvin wanda aka fara ba mutane tun 1958, na tsawon mako 6 zuwa 8. Wani kuma zai ce ai yaro yana balaga zai rabu da shi. Sau da yawa haka ne, saboda maiƙon fatar baligi yana hana funfunar sakewa. Sai dai kafin nan ya shafa wa 'yan ajinsu, ya sha tsokana, wataƙila ma ya yi sanƙon da ba ya gyaruwa.

Don haka ya kamata malaman boko da na tsangaya su riƙa duba kawunan yara ba tare da kunyata kowa ba, su tura mai tabo asibiti. Wanzamai da masu aski su tsabtace kayan aikinsu tsakanin kai da kai. Ɗalibai su daina aron hula da mataji, su kuma koyi karanta jikin kwalin magani, su nuna wa iyayensu. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero tana da damar bincika irin funfunar da ke yawo a makarantun yankin, domin a san maganin da zai ci ta.