Tsohuwar hira cikin sabuwar riga: a duba kwanan wata kafin a yarda

Da wuya a samu mai yawan bincike a intanet da bai taɓa faɗawa wannan rami ba. Ɗalibi a Damagaram yana neman yadda zai gyara kwamfutarsa, ko matashi a Maraɗi yana bin diddigin takardun tafiya karatu waje, sai injin bincike ya kai shi wani shafi cike da hirar mutane: wani ya yi tambaya, wasu sun amsa. Shafin ya yi kama da na yau, har da talla a gefe. Sai ya ɗauki shawarar ya yi aiki da ita, bai lura ba cewa hirar ta girme shi.

Wasu daga cikin irin waɗannan shafuka ƙofofi ne kawai zuwa wani tsohon tsari mai suna Usenet. Ɗalibai biyu na jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, su ne suka tsara shi a 1979, ya fara aiki a 1980, wato fiye da shekara goma kafin a san shafukan intanet irin na yau. An raba shi zaure-zaure bisa ga abin da ake tattaunawa: masu fara suna da "comp" na kwamfuta ne, "sci" na kimiyya, "soc" na zamantakewa. Ba shi da mai gida ɗaya. In mutum ya aika saƙo, babbar kwamfutar da yake amfani da ita ce ke miƙa shi ga wata, ita ma ta miƙa gaba, har ya bazu a duniya. A nan ne Tim Berners-Lee ya sanar da tsarin shafukan intanet a watan Agusta na 1991, kuma a wannan watan ne Linus Torvalds ya ba da labarin aikin da ya zama Linux.

Da can sai da manhaja ta musamman ake shiga waɗannan zauruka, kuma mai shiga ya san inda ya sa ƙafa. A 1995 kamfanin Deja News ya fara adana saƙonnin yana nuna su a shafin intanet. Google ya sayi wannan rumbu a 2001, ya ƙara masa saƙonnin da suka koma har 1981, ya haɗa su cikin Google Groups. Daga ranar 22 ga Fabrairu 2024 Google ya daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet, amma tsofaffin suna nan ana karantawa. Ban da shi, akwai ƙananan shafuka da ke kwafe waɗannan hirarraki su lulluɓe su da talla.

Ruɗanin ta hanya uku yake zuwa. Na farko shi ne lokaci. Kwanan wata kan zo da ƙananan haruffa a wani lungu, a allon salula ma sai an nema. Shawarar da ta dace da kwamfutar 1998 ba lallai ta dace da ta yau ba, kuma bayani kan biza, kuɗin makaranta ko magani ya fi haka saurin tsufa. Na biyu shi ne wuri. Baƙo yana zaton shafin yana da shugaba da zai kai wa ƙara ko ya goge masa saƙo, alhali shafin taga ce kawai. A ƙofofin da har yanzu suke barin a yi rubutu, abin da mutum ya aika yana iya yaɗuwa zuwa kwamfutocin da ba shi da iko a kansu, tare da sunansa da adireshinsa na imel. Na uku shi ne siffar rubutun. Masu amsa kan maimaita maganar wanda ya riga su da alamar ">" a farkon layi, kuma wanda bai san wannan ba sai ya jingina wa mutum maganar da yake ƙaryatawa.

Ƴan uwanmu masu neman hanyar fita waje su ƙara lura, domin rumbun ya adana gaskiya da yaudara tare. A watan Afrilu na 1994 wasu lauyoyi biyu a jihar Arizona, Laurence Canter da Martha Siegel, sun watsa tallar aikinsu kan cacar katin zama a Amurka zuwa dubban zauruka a lokaci guda, abin da ake lissafawa cikin farkon manyan saƙonnin talla na dole a intanet. Irin wannan rubutu ba ya ɗauke da tambarin cewa ya mutu. In wani ya ɗauki hotonsa ya yanke kwanan wata ya tura a WhatsApp, ya koma labarin yau ke nan.

Ba mu ce a rufe rumbun ba. Tarihi ne mai daraja, kuma mai koyon kwamfuta zai ƙaru da shi. Abin da muke cewa shi ne, duk mai nuna tsohuwar hira ya wajaba ya rubuta shekararta da asalinta ɓaro-ɓaro a saman shafi, ya kuma faɗa ko ana iya amsawa. Wanda ya ɓoye wannan don a daɗe a shafinsa ana ganin talla, yana cin riba ne da rashin sanin baƙo.

Amma tunda masu shafukan ba a hannunmu suke ba, nauyin ya dawo kanmu. Kafin ka yarda da abin da ka karanta, nemi shekarar da aka rubuta shi, ka gano wanda ya faɗa, sannan in batun takardu ne ko lafiya ka tabbatar a wurin hukumar da abin ya shafa ko wurin likita. Malaman da ke koyar da kwamfuta a Yamai, Tawa da sauran garuruwa su sa wannan cikin darasin farko. Mu ma ƴan jarida bai kamata mu wallafa ko mu tura abin da ba mu san ranarsa ba. Mai tambaya ba ya ɓata, amma sai ya san ko wanda ke ba shi amsa yana magana ne a yau ko shekara talatin da suka wuce.