Malamin da bai taɓa auna inuwa ba, ta yaya zai koyar da ilimin duniya da sararin samaniya?

A farkon watan Janairu na kowace shekara ne duniya take fi kusantar rana, inda tazararsu ke kai kimanin kilomita miliyan 147. A farkon Yuli kuma take fi nisanta da ita, da kimanin kilomita miliyan 152. Amma Janairu shi ne tsakiyar hunturu a Kano da Sakkwato da Maraɗi. Idan yaro mai kaifin basira ya ɗaga hannu a aji ya tambayi dalilin da ya sa ake ɗari a lokacin da rana ta fi kusa, amsar da zai samu ta dogara ne ga irin horon da malaminsa ya samu a kwaleji.

Amsar ba mai wuya ba ce. Duniya a karkace take da digiri 23.5, don haka a Disamba da Janairu hasken rana yana sauka a kaikaice a arewacin duniya. Ga kuma busasshiyar iskar arewa maso gabas da ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana rage ƙarfin hasken. Sai dai malamin da ya haddace wannan bayani domin cin jarrabawa kawai, da wuya ya iya warware shi ga ɗan shekara goma sha biyu.

A Najeriya, takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita, kuma Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, NCCE, ce ke tsara manhajarta. Ɗaliban da ke karanta haɗaɗɗiyar kimiyya ko labarin ƙasa a waɗannan kwalejoji su ne gobe za su koyar da yanayi da duwatsu da ruwa da wata da taurari a firamare da ƙaramar sakandare. Aiki biyu ne a kansu lokaci guda: su fahimci ilimin, su kuma koyi yadda za su isar da shi. Inda horon ya tsaya ga kwafar rubutu daga allo da haddar handawut, duka biyun ne ake asara. Kowane malami kuwa yadda aka koya masa yake koyarwa, kuma ɗaruruwan yara ne za su bi ta hannunsa kafin ya yi ritaya.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne rashin kayan aiki. Gaskiya ne ɗakunan gwaje-gwaje suna buƙatar kuɗi, amma wannan fanni yana cikin waɗanda suka fi arahar koyarwa. Sanda guda da aka kafa a filin makaranta, ana auna inuwarta da tsakar rana duk mako, za ta nuna wa ɗalibi yadda rana ke sauya matsayi a tsawon shekara. A Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, inuwar takan kusan ɓacewa sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta. Tocila da lemo ɗaya a ɗaki mai duhu sun isa a nuna cewa ba inuwar duniya ce ke sa wata ya ƙaru ko ya ragu ba, illa dai ɓangarensa mai haske da ke fuskantar masu kallo. Daga nan sai a fahimci dalilin da ya sa zagayen wata ke ɗaukar kimanin kwana 29 da rabi, watan Musulunci ya zo da kwana 29 ko 30.

Haka abin yake a ƙasa. Dutsen Dala na ɗauke da tarihin tama da ƙira, tsaunukan Jos na ɗauke da na kuza, farar ƙasar Kalambaina kuma ita ce tushen sumuntin Sakkwato. Ɗalibin koyarwa da ya je ya taɓa dutse, ya tambayi mai haƙa rijiya irin ƙasar da ya ratsa kafin ya cim ma ruwa, ya fi wanda ya haddace sunayen duwatsu ashirin bai taɓa riƙe ko ɗaya ba.

Rashin wannan ilimi yana da tsada. A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje ba a san abin da ke cikinsu ba. A Satumbar 2024, fashewar madatsar ruwa ta Alau ta nutsar da babban ɓangare na Maiduguri. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk shekara, amma hasashen ba ya amfanar manomi sai an samu mai fassara masa shi. A ƙauyuka da dama, malamin makaranta ne mutum na farko da ake kai wa irin wannan tambaya.

Najeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, ta kuma harba tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, a 2003. A ranar 29 ga Maris, 2006, cikakken kusufin rana ya ratsa sassan arewa maso yammacin ƙasar da kudancin Nijar. Ƙasar da ke da irin wannan tarihi bai dace a ce malamanta suna kame-kame idan an tambaye su abin da ke jawo kusufi ba.

Ya kamata NCCE ta wajabta wa kowane ɗalibin wannan fanni ajiye littafin lura na zango guda, wanda zai riƙa rubuta surar wata da tsawon inuwa da yawan ruwan sama, kuma a ba shi maki a kai. A lokacin koyarwar gwaji, masu sa ido su duba ko ɗalibin ya fitar da yara waje sun ga abin da idonsu, maimakon tsayawa ga kyan rubutun tsarin darasi. Asusun TETFund ya ware wa kwalejoji kuɗin fita nazari da sayen ƙaramar na'urar hangen nesa, NASRDA da NiMet kuma su riƙa tura masanansu kwalejojin ilimi.

Akwai kuma buƙatar a horar da ɗalibin ya iya yin bayanin da Hausa ko wani harshen yankinsa, domin wanda ya iya bayyana kusufi da harshen uwa ya nuna cewa ya gane shi. Su ma ɗaliban kada su jira gwamnati: yau da magariba za su iya fara duba sama su rubuta abin da suka gani.