Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano



Muna kawo kukanmu gare ku bisa sha'anin izinin gini a Kwanar Dangora, mararrabar da hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya, inda albarkar kasuwa ta sa gidaje ke ta ƙaruwa kowane rani.

Haƙiƙa dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuwa ta bar wa ƙaramar hukuma, amma talakan da ya sayi fili da shaidar mai unguwa da dagaci, ya tara bulo da siminti daga kuɗin masarar da ya noma, bai san ƙofar da zai nufa ba, ta ƙaramar hukumar Kiru ce, ko ta Bebeji, ko taku a Kano, har ya zuba harsashi a kan magudanar ruwa ko dab da kwalta, bisa rashin sani, ba da nufin saɓa wa hukuma ba. Rushe irin wannan gida musiba ce ga iyali.

Saboda maslahar jama'a muke roƙonku ku buɗe ofishi a nan, ku bayyana da Hausa, a rediyo da masallatan Juma'a, takardun da ake bukata, da kuɗin da za a biya, da tazarar da ta wajaba tsakanin gini da titi, ku kuma ƙayyade wa'adin bayar da amsa, domin mai gini tsere yake yi da damina.

Wassalam,
Wani mazaunin Kwanar Dangora