Kafin a Ce Yaro Ba Shi da Baiwa: Gitar Lantarki da Yatsun Ɗan Koyo

Akwai wata magana da na daɗe ina ji daga bakin ɗalibai, har ma da wasu malamai, wadda ba ta taɓa kwanta mini a rai ba. Yaro zai sami aron gitar lantarki, ya yi mako biyu ko uku yana fama da ita, yatsunsa suna raɗaɗi, sautin da ke fita kuwa kamar ana jan kwano a kan siminti. Daga nan sai ya jingine ta, ya ce shi ba a ba shi baiwar kiɗa ba, na kusa da shi kuma su ce ai dama kowa da kiwon da ya karɓe shi. A nawa ra'ayin, an yanke wannan hukunci ne tun ba a saurari shaidu ba. Shaidun kuwa biyu ne, wato ita kanta gitar da kuma hannun da ke riƙe da ita, kuma dukkan abin da za su faɗa yana cikin darussan kimiyyar da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Bari mu fara da gitar. Idan mai karatu ya duba ƙarƙashin tsirkiyoyinta guda 6, zai ga wasu 'yan sanduna biyu ko uku a kwance a jikin katakon. Kowannensu maɗaukin sauti ne, wanda makaɗa ke kira fikof. A cikinsa akwai maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai siririntar gashi, naɗi wajen 8,000. Tsirkiyar ta ƙarfe ce, saboda haka in ta kaɗa a saman maganaɗisun sai ta motsa ƙarfinsa, wannan motsi kuma ya haifar da ɗan lantarki a cikin naɗin, wanda yawanci bai kai bolt ɗaya ba. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, sa'an nan bayan shekara ɗari George Beauchamp ya ɗora ta a kan gita a Amurka. Ke nan gitar ba ta shan wuta daga bango, ita ce ma ke samar da tata. Amfilifaya ce ke karɓar wannan ɗan lantarki ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa lasifika. Wanda ke shakka ya ɗaura tsirkiyar roba a madadin ta ƙarfe, zai ga lasifika ta yi gum.

To, ga inda ɗan koyo ke fara ɓata. A irin gitar Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954 kuma ake kwaikwayon ƙirarta a ko'ina har yau, akwai maɗaukai uku, da mamurɗai uku, da wani ɗan makunni mai matsayi biyar. Mamurɗin farko na ƙarar sauti ne, sauran biyun na launin murya ne. Makunnin shi ke zaɓar maɗaukin da za a saurara. Na kusa da wuyan gita yana ba da murya mai kauri da taushi, domin a wajen tsirkiya ta fi yin lilo mai faɗi. Na can ƙarshe, kusa da gadar da tsirkiyoyi ke ɗaure a kanta, muryarsa siririya ce mai kaifi, domin a wurin ƙananan kaɗawa masu sauri ne suka fi fitowa. Mamurɗin launin murya kuwa ba ya ƙara komai, ragewa kawai yake yi: yana da kafasita wadda ke karkatar da siraran sautuka zuwa ƙasa, don haka in an murɗa shi zuwa sifiri sai a ji kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Na sha ganin yaro yana neman sauti mai daɗi a wajen yatsunsa, alhali wanda ya riga shi taɓa gitar ne ya bar mamurɗin a rufe.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya buɗe mamurɗan gitar duka zuwa 10, ya zaɓi maɗaukin wuya, ya sa mamurɗan amfilifaya na kauri da na tsakiya da na kaifi a rabi, sa'an nan ya rage wanda ke sa sauti ya yi gurnani zuwa ƙasa sosai. Na san gurnanin nan shi ne ke jan hankalin samari tun farko, amma yana rufe kuskure, kuma wanda ba ya jin kuskurensa ba shi da hanyar gyara shi. In kuma an ji wani zuu da ba ya yankewa ko ba a taɓa tsirkiya ba, wannan ba laifin kowa ba ne. Wutar gidajenmu a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, naɗin wayar kuma yana tsinto ta daga iska. A gitoci da yawa na yanzu, matsayi na 2 da na 4 suna haɗa maɗaukai biyu masu naɗi kishiyar juna, sai zuu ɗin ya kashe kansa.

Abin da ya fi mamurɗai muhimmanci, wanda kuma ba kasafai ake dubawa ba, shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da sandunan ƙarfen da aka gitta a wuyan gita, waɗanda za mu kira matakai. A mataki na 12 ya kamata tazarar ta kasance wajen milimita 2 ko ƙasa da haka kaɗan. Tsirkiyoyin nan shida, ko da sirara ne, suna jan wuyan gita da nauyin da ya kusa kilo 40, kuma katako yana shan laima yana bushewa. Wanda ya ga yadda ƙofa ke kumbura da damina ta kuma saki da hunturu ya san abin da nake nufi. Tsohuwar gitar da wuyanta ya lanƙwashe tana iya kai tazarar milimita 4 ko 5. Ba wa ɗan shekara 15 irin wannan gita, sa'an nan a ce ba shi da baiwa, daidai yake da ba shi keke mai sassaken taya a ce bai iya tuƙi ba. A sa ma'auni a auna, a kai wa wanda ya san gyara, a sa siraran tsirkiyoyi, kana a zo a yi maganar hannu.

Shi hannun nan, wanda nan ne fagena, yana da nasa uzurin. Tsokokin da suka fi ƙarfi wajen lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun suke ba, suna can a damtsen ƙasa tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, suna jan yatsu da dogayen jijiyoyi kamar yadda ake jan linzami. Manuniya da ƙaramin yatsa kowanne yana da tsokarsa ta daban mai miƙe shi, amma yatsan zobe ba shi da ita, kuma jijiyarsa a bayan hannu tana ɗaure da na maƙwabtansa. Mai karatu ya gwada yanzu: ya kifa tafin hannunsa a kan tebur, ya lanƙwashe yatsan tsakiya a ƙarƙashi, sa'an nan ya yi ƙoƙarin ɗaga sauran ɗaya bayan ɗaya. Duk za su tashi, ban da na zobe. Haka hannun kowane ɗan Adam yake, har da na gwanayen makaɗa. Saboda haka in yatsan zobe ya ƙi zuwa inda aka aike shi a makon farko, halittarsa ce ke magana.

Zafin kan yatsu kuma amsarsa tana cikin fata. Saman fata ƙwayoyin halitta ne matattu, cike da sinadarin keratin, kuma in ana yawan danna wuri guda sai ƙwayoyin da ke ƙasa su ƙara hayayyafa, saman ya yi kauri, wato kanta, irin wadda fartanya ke bar wa manomi. Wannan aiki yana cin makonni, domin fata na ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta, kuma ba a yi mata gaggawa. Wanda ya zauna awa uku a rana ɗaya bororo zai samu, ya koma hutun dole. Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi. Amma a bambanta zafi da zafi. Na kan yatsa mai wucewa ne. Wanda ke wuyan hannu, ko dindiris a babban yatsa da manuniya da na tsakiya, alama ce an karya wuyan hannu da yawa har ana matse jijiyar ji da ke bi ta wata 'yar ƙunƙuntar hanya tare da jijiyoyin tsoka guda 9. Wannan ba a daure masa. A tsaya, a miƙe wuyan hannu, a mai da babban yatsa bayan wuyan gita.

Da wannan sani, ba daidai ba ne a fara wa ɗan koyo da kowane haɗin sauti da ya zo a shafin farko na littafi. Haɗin sauti, ko kod a bakin makaɗa, shi ne a danne wasu tsirkiyoyi a kaɗa su tare. Ana ƙirga tsirkiyoyi daga mafi siriri, ita ce ta 1, zuwa mafi kauri, ta 6. A fara da Em, mai bukatar yatsu biyu kacal: na tsakiya a mataki na 2 na tsirkiya ta 5, na zobe a mataki na 2 na ta 4, a kaɗa duka shida. A lura an bar yatsan zobe kusa da maƙwabcinsa, inda ya fi sakewa. In wannan ya zauna, a ɗora manuniya a mataki na 1 na tsirkiya ta 3, sai ya koma E. Yatsa ɗaya ne ya ƙaru, ya ɗaga kaɗawar tsirkiya ɗaya daga sau 196 zuwa kusan 208 a daƙiƙa, amma kunne zai ji kamar hadari ne ya washe. Sa'an nan a ɗauki wannan siffa yadda take a sauko da ita tsirkiya ɗaya, a bar ta 6 ba a kaɗa ba, an sami Am. Daga Am kuma, a ɗaga yatsan zobe kaɗai a kai shi mataki na 3 na tsirkiya ta 5, an sami C. Haɗi huɗu ke nan, kowanne ɗan wanda ya gabace shi. Shi kuwa F, wanda ake kwantar da manuniya a kan tsirkiyoyi duka, a ƙyale shi sai bayan watanni; ya kori masu koyo da yawa ba da haƙƙinsu ba. A yanke farce, a danna da kan yatsa dab da bayan sandar mataki, kuma a kaɗa tsirkiyoyin ɗaya ɗaya domin a ji wadda ta mutu.

Sauran aikin na ƙwaƙwalwa ne. A 1995 Thomas Elbert da abokan aikinsa a Jamus suka auna ƙwaƙwalwar makaɗan kayan tsirkiya, suka tarar yankin da ke kula da yatsun hannun hagu ya fi na sauran mutane faɗi, kuma ya fi faɗi ga waɗanda suka fara tun suna ƙanana. A hannun dama ba a ga wannan bambanci ba, abin da ke nuna aiki ne ya jawo shi. A 2002 kuma Matthew Walker da abokansa a Amurka suka nuna cewa wanda ya koyi wani jerin motsin yatsu ya kwana, yakan tashi da ƙarin sauri na kusan kashi 20 cikin 100 ba tare da ya sake gwadawa ba. Ɗalibin da ke kwana a zaune daren jarrabawa ya riƙe wannan.

Wani zai ce, to ina ka bar irin su Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya kuma zagaya duniya da kiɗansa? Ko marigayi Ɗanmaraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya tak? Ban musanta cewa mutane sun fi juna ba. Abin da na ƙi shi ne a ce mako uku a kan gitar da ba a daidaita ba ya isa ya nuna wa ya fi wa. Haka nan na san akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su kusanci kiɗa, kuma wannan haƙƙinsu ne. Ba kira nake yi a mai da ɗalibai makaɗa ba. Kirana ga malaman kimiyya ne. Na'urar sonomita da ɗalibai ke haddace ƙa'idojinta don jarrabawa, sau da yawa ba su taɓa jin ƙararta ba, ba komai ba ce illa tsirkiya a kan akwati. Gita ɗaya tana nuna duk abin da take nunawa: tsirkiya ta 5 tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, in an danne ta a mataki na 12, wanda ke daidai rabin tsawonta, ta koma 220. Malamin fiziya ya gama da ita ya miƙa wa na ilmin halittu.

Abu biyu ne dai ban yarda a yi sake da su ba. Na farko kunne. A can cikin kunne akwai ƙwayoyin gashi wajen 15,000 masu mai da girgiza ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Tsuntsaye suna sake tsirar da nasu in sun lalace, mu ba ma yi. Ƙarar desibel 85 ana iya zama cikinta awa 8, amma ta desibel 100 minti 15 ne iyakarta, kuma ƙaramar amfilifaya a ɗaki rufaffe tana kai haka. In kunne yana ƙugi bayan an tashi, an wuce gona da iri.

Na biyu wuta. Tsirkiyoyin gita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin igiyar da ke tsakaninsu, saboda haka in wuta ta ɓalle a cikin amfilifayar kuma babu wayar da za ta kai ta ƙasa, ta jikin makaɗi za ta bi. Haka ta kashe Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, a gidansa a Landan a 1976. Mu kuma mun saba karya ƙafar fulogi ta uku don ya shiga soket, ko mu cusa tsiraran wayoyi da tsinken ashana, ga wuta mai bolt 230, ga daɓen siminti, ga ƙafa ba takalmi. Duk malamin da zai shigo da gita aji ya fara kiran mai gyaran wuta ya gwada soket ɗin ɗakin da ƙafar fulogin nan ta uku.