Muryar Aro

Jama'a, a daina ɗora wa na'ura laifin rago. A 1997 kamfanin Antares ya fito da Auto-Tune, manhajar da ake ƙara wa kwamfutar situdiyo domin ta miƙar da muryar da ta karkace. A 1998, cikin waƙar Believe ta Cher, aka murɗa ta har ƙarshe, kayan gyara ya haifi sabon amo. Mu kuwa bargon rufa asiri muka mai da ita. Leƙa gidan biki ka gani: an saki waƙar da aka wanke tas a situdiyo, mawaƙi yana motsa baki kurum, ana ta yi masa liƙi. Kaico! A filin da Shata ya tsaya da makogwaronsa da kalangai!

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Manhajar tana fizgar murya ne zuwa matakan fiyano, alhali kalangu da goge a tsakankanin matakan suke zamiya, suna bin karin harshenmu. To, wa ya hana a sa wa goge amsa-kuwwa a bainar jama'a? Wa ya hana a naɗe bugun kalangu nan take, ya riƙa maimaita kansa, makaɗi yana ɗora wani a kai?