Kifin Gurami a Gida: Juriyarsa Ba Hujjar Sakaci Ba Ce

Gurami kifi ne na ƙasashen kudanci da kudu maso gabashin Asiya, irin su Indiya da Tailan da Indonesiya, inda yake zaune a fadamu da gonakin shinkafa masu ɗumin ruwa. Irinsa na da yawa. Akwai ƙarami mai zanen ja da shuɗi, wanda masani Francis Hamilton ya yi bayaninsa a 1822, tsawonsa bai kai santimita 10 ba. Akwai kuma ƙato mai kai santimita 70, wanda ake kiwonsa domin ci.

Abin da ya bambanta gurami da yawancin kifaye shi ne wata gaɓa mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke cikin kansa, wadda jijiyoyin jini suka cika ta. Da ita yake shaƙar iska kai tsaye idan ya leƙo saman ruwa. Wannan baiwa ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin Kano, domin tarwaɗa ma tana da makamanciyarta, shi ya sa take daɗewa da rai a bahon mai sayar da kifi.

To, wannan baiwa ce ke zame wa gurami masifa. Ganin yana rayuwa a ruwan da zai kashe wani kifin, sai mai shi ya ɗauka ƙaramar kwalba ta ishe shi. Wannan kuskure ne babba. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, ragowar abinci ma idan ta ruɓe haka take yi, kuma amoniya guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke juya ta zuwa sinadari mai sauƙin illa, su kuwa sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati. Shaƙar iska ba ta hana guba ƙona jikin kifi. Saboda haka ƙananan gurami biyu na bukatar aƙalla lita 40, wato jarka biyu masu cin lita 20, a kuma riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako.

Mai kiwo a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni yana da ƙarin abin lura. Gurami na son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyas. A watannin Disamba da Janairu kuwa, sanyin hunturu yakan sauko ƙasa da digiri 15 da dare, kuma ƙaramin ruwa ya fi saurin hucewa. Wajibi ne a rufe akwatin da murfi, a bar ɗan fili tsakaninsa da ruwa, domin iskar da kifin zai shaƙa ta kasance mai ɗumi da laima. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, sai a nisanta shi daga taga. Ruwan famfo kuma, irin wanda ake tacewa a Challawa da Tamburawa, ana sa masa kulorin, don haka a bar shi a buɗe kwana biyu kafin a zuba wa kifi.

Ɗabi'ar gurami ita ce ma'aunin lafiyarsa. Lafiyayye yana yawo a natse, yana taɓa abubuwa da wasu dogayen zaruruwa biyu da ke ƙirjinsa, waɗanda yake jin ɗanɗano da su. Namiji yana gina sheƙa ta kumfa a saman ruwa, ya tsare ƙwai a ciki, ya kori duk wanda ya matso. Shi ya sa maza biyu a ƙaramin akwati tamkar zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Idan kifi ya ƙi abinci, ko launinsa ya dushe, ko ya maƙale a kusurwa, to ruwa ba ya tsami banza. Akwai ma cutar bairos da ke kama ƙaramin gurami, wadda ba ta da magani, don haka a keɓe sabon kifi mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa shi da na gida.

Wani zai ce ɗawainiyar ta yi yawa a garin da ake sayen ruwa, wuta kuma ba ta tsayawa. Maganarsa tana kan hanya, amma amsarta ita ce wanda ba zai iya ba ya haƙura, domin duk mai rai da mutum ya tsare amana ce a wuyansa. Abin da ya fi dacewa shi ne makarantun sakandare su ajiye akwati ɗaya mai kyau a ɗakin gwaje-gwaje, ɗalibai su riƙa auna ɗumin ruwa safe da yamma suna rubutawa. Ta haka darasin numfashi da na zagayen naitirojin za su fito daga allo su zo gaban ido.